Satifiket ɗina ya lalace na sa an buga min irinsa, wai shi ma jabu ne?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, ko barci ba na iya yi. Na gama makaranta da gumina, satifiket ɗina yana cikin akwati ƙarƙashin gado, rufin ɗakin kuma tun da muka tare yake yoyo, na yi ta magana da mai gidan yana cewa gobe jibi, har ruwa ya shiga ya cinye rubutun, hatimin ya koma kamar tabon shayi. Da aiki ya fito sai abokina ya ɗauki na wani ɗan ajinmu ya sa a kwamfuta, ya cire sunansa ya sa nawa da sakamakona, ko ɗigo ba a ƙara min ba. Yanzu an ce za a tantance takardun kowa. Ya zan yi?

Baban Amira: Ɗan uwa jabu ne, kar wani ya ruɗe ka. Ba a duba ko abin da ke rubuce gaskiya ne, ana duba wa ya fitar da takardar. Takardarka tana cewa makaranta ce ta buga ta, shugabanta ya sa hannu, alhali abokinka ne ya manna. Nan ƙaryar take.

Mai tambaya: Amma Baban Amira wa na cuta? Sunana yana cikin rajistarsu fa.

Maman Sadiq: Hmm ni kar ma a tuna min. Bayan rasuwar mahaifinmu wani ɗan uwansa ya kwaikwayi sa hannunsa ya sayar da fili, har yau muna zaryar kotu, shi kuma yana yawonsa. Allah ya isa.

Ɗan Autan Group: Yaya ka yi shiru kawai, in sun tambayi makaranta za ta ce kai ɗalibinta ne, shi kenan.

Baban Amira: Auta, lambar da ke jikin satifiket ɗin ta waye? Ta ɗan ajinsu ce in ba a canza ba. Ko a zane haka ne, kwafin zanen wani ba jabu ba ne sai ka ce na asali ne. Wani mai zane Han van Meegeren a Holan da hannunsa ya zana nasa, ya sa sunan shahararren mai zanen nan Vermeer ya sayar, a 1947 kotu ta yanke masa shekara 1. Ka je makarantarku da lalataccen, su ba ka takardar shaida, ka ga lauya kafin ka ce wa ofis komai.

Maman Sadiq: Lauya kuma? Mu namu cin kuɗinmu kawai yake.

Mai tambaya: Lambar ban duba ba, takardar na fayil ɗinsu. Kuma makarantar na je tun farko, suka ce sai an jira, aikin kuma ba zai jira ni ba, ku da kun bar shi ya wuce?

Baban Amira: Lalataccen yana hannunka ko ka yar?