Niƙaƙƙun jaridu a saman filafon: ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni da ƙanena muke gina gidajen haya a Yamai, filin gadon mahaifinmu ne. Shi yana Faransa yana aiko kuɗi, ni nake shan rana da ma'aikata, kuma tun rabon gado ba mu cika jituwa ba. Yanzu ya kafe sai ginin ya samu shaidar EDGE, takardar da ake ba gini mai tattalin lantarki da ruwa. Ya sa na yi odar selilos, tsofaffin jaridu ne da aka niƙa suka koma kamar auduga, a zuba saman filafon su tare zafi. Na biya rabi. Masona ya ce abincin gara na sayo. Barci ya ƙaurace mini.

Injiniya: Alhaji, masonka bai san abin ba. Kusan kashi 80 cikin ɗari takarda ce, sauran gishirin borat ne, shi ke hana wuta kamawa, ya kori ƙwari. Amma kada ƙanenka ya ruɗe ka. EDGE ta IFC ce, reshen Bankin Duniya, sharaɗinta ragin kashi 20 a wuri uku: lantarki, ruwa, da hayaƙin da ake fitarwa wajen ƙera kayan gini. Selilos zai taimaka a na farko da na uku. Ruwa fa? Ka canza famfuna da banɗaki?

Hajiya daga Tawa: Ni wanga zance na shaida bai dame ni ba. Kwano ɗaya ya yi yoyo da damina, filafon ɗina ya faɗo, mason ya ɓace da jaka hamsin ɗina. Takarda da ruwa, Alhaji?

Injiniya: Hajiya ta yi gaskiya a nan. In ya jiƙe ya daina aiki, kuma yana lafawa da shekaru, shi ya sa ake ƙara kauri tun farko. Wane irin rufi gare ka?

Wani magini: Ku je ƙauyen Dandaji a jihar Tawa ku ga masallacin da aka gina da bulon ƙasa. A watan Afrilu ma da sauƙi ciki. Ku bar kayan Turawa.

Injiniya: Ya riga ya ɗora bulon siminti, malam, rushewa zai yi?

Mai tambaya: Hajiya, kwanona sabo ne, ba ya yoyo. Maganar famfo kuma ƙanena bai faɗa mini ba, ba ni na jawo shaidar nan ba. Kuɗin da na biya ba sa dawowa.

Injiniya: Ban ji amsar rufin ba. Akwai iska tsakanin kwano da filafon?

Hajiya daga Tawa: Nawa ma sabo ne lokacin.