Don Allah a taimaka da suna kafin gobe da safe

Mai Shirin Muhalli: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 9 zan naɗi shiri a kan wani tsiro na Fulorida a Amurka, Dicerandra immaculata. Dangin na'a-na'a ne, yana fitowa a tudun rairayi kusa da Tekun Atlantika, tsakanin Vero Beach da Fort Pierce. Gine-gine sun cinye masa wuri, tun 1985 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin tsirran da ke gab da ƙarewa. Me zan kira shi?

Baban Ilham: Na'a-na'ar teku.

Malama Uwani: A'a Baban Ilham, mai saurare zai ɗauka a cikin ruwa take. A busasshen yashi take fitowa. Na'a-na'ar gaɓar teku dai.

Ɗan Gobir: Na'a-na'a Larabci ce. Muna da ɗoɗɗoya, ga tumuku da rizga, duk gidansu ɗaya. Me ya kai mu aro? Ni na ce ɗoɗɗoyar jigawa, tunda jigawa ita ce tudun yashi.

Baban Ilham: Kana faɗin haka a rediyo za a fara kira daga Dutse ana tambayar kasuwar da ake sayar da ita.

Ɗan Gobir: Laifin wa? Kalmar ta girmi jihar. Ku mutanen Kano da kun ji Larabci ko Turanci sai jiki ya ɗauki rawa.

Baban Ilham: To ka daina cewa littafi da alƙalami mu gani.

Malama Uwani: Ku bari mana. Malam Ɗan Gobir, ɗoɗɗoya mai faɗin ganye ce, ta miya. Wannan ganyenta sirara ne, furenta ja-ja mai sirkin shuɗi, kuma babu ɗigo-ɗigon da ke jikin furen 'yan uwanta. Turawa sun sa mata sunan Olga Lakela, masaniyar tsirran da ta bayyana ta a 1963. Me zai hana a ce na'a-na'ar Lakela?

Ɗan Gobir: Larabci da sunan Baturiya. Ina Hausar?

Mai Shirin Muhalli: Na gode ƙwarai. Zan ce na'a-na'ar Lakela, in ƙara da cewa 'yar uwar ɗoɗɗoya ce mai fitowa a jigawar bakin teku.

Ɗan Gobir: Shirinka ne. Ni dai a ajina ɗoɗɗoyar jigawa zan koyar.