Don Allah a taimaka min da dabara: labarin jariri Musa ga yaran Sande Sukul

AntinYara ta rubuta:

Salama 'yan'uwa cikin Kristi. Ni ce ke riƙe da ajin yara 'yan shekara 6 zuwa 11 a cocinmu nan Kaduna, wata na biyar kenan da aka ɗora min, kuma gaskiya abin ya fara fin ƙarfina. Yara kusan 40 a ɗaki ɗaya, benci bai isa ba wasu a tabarma suke zama, minti 45 kawai nake da shi kafin a tashi sujadar manya iyaye su fara leƙowa ta taga. In na karanta labari na tambaye su sai su amsa da "eeee Anti" gaba ɗaya kamar sun gane, Lahadi mai zuwa ka tambaya wa aka sa a kwando wani ya ce Yunana.

Sati biyu masu zuwa zan koyar da haihuwar Musa, Fitowa 2:1-10. Ina so su yi wani abu da hannunsu, manyan cikinsu kuma su ɗan yi rubutu nasu na kansu, ba haddar aya kawai ba. Amma kuɗin kwali da fensir mai kala babu, baikon yaran ko alli baya saya. Wa ya taɓa gwadawa? Kuma rubutun ma da wane yare, don yawancinsu Hausa a baki ne kawai, a makaranta Turanci ake koya musu.

MamanTagwaye ta amsa:

Anti sannu da aiki, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Ki manta da maganar kwali, labarin nan ai kamar don mu aka rubuta shi, kayan aikinsa duk suna bayan gida. Ki je wurin masu saƙa tabarma da faifai ki sayi kaba ƙulli ɗaya ko biyu, ki jiƙa ta cikin ruwa tun daren Asabar don in ta bushe karyewa take yi kuma tana yanka hannu. Kada ki ce yara su fara saƙar daga tushe, nan ne lokacinki zai ƙare, ki roƙi mata biyu uku daga Zumuntar Mata su fara miki gindin kwandunan kamar faɗin tafin hannu, yaran su ƙarasa gefen. Ki raba su biyar biyar, kwando takwas ya ishe ki. Jaririn kuma totuwar masara ce, a naɗe ta da ƙyallen da tela ya zubar, a ɗiga ido da gawayi, shi kenan.

Abin da ya fi burge nawa yaran shi ne baho. Na cika baho da ruwa na ce kowane rukuni ya sa kwandonsa, ai kuwa na farko bai yi minti ɗaya ba ruwa ya shige ya jiƙa jaririn sharkaf, wani yaro har ya ɗora hannu a ka yana "wayyo Musa ya sha ruwa". Sai a lokacin na sake karanta musu aya ta 3, inda uwar ta shafe kwandon da kwalta don ya toshe, kin ga da na karanta tun farko ba wanda ya ji wannan wurin amma yanzu kowa ya yi tsit. Mu laka muka shafa a ciki muka shimfiɗa leda, ya ɗan yi iyo dai. Kada ki kawo kwalta ta gaske ko kyandir mai wuta, ni na taɓa yin kuskuren ɗiga kakin kyandir yarinya ta ƙone yatsa, uwarta ba ta gaishe ni ba har sati uku.

MalamarFiramare ta amsa:

Ni ta ɓangaren rubutun zan yi magana. In kika ce "ku rubuta abin da kuka koya" layi ɗaya za ki samu daga kowa, Allah ya ceci Musa, sai su miƙo takarda. Ki ba su mutum ɗaya a cikin labarin su shiga rigarsa. Wadda ta fi aiki ita ce yayar Musa da ta tsaya daga nesa tana jiran ta ga abin da zai faru, don yaranmu sun san goyon ƙane, wasu ma da ƙanin a baya suke zuwa aji. Ki rubuta musu farkon jimla a allo: "Ina laɓe cikin ciyawa a bakin kogi, sai na ga..." su ƙarasa, layi biyar zuwa takwas.

Wata yarinya 'yar aji huɗu ta rubuta min cewa sauro yana cizonta a ƙafa amma ta kasa marinsa don kada a ji ƙara, kuma tana ta roƙon Allah kada jaririn ya yi kuka, sai ga shi kukan ne ya sa gimbiyar, wato 'yar Fir'auna, ta ji tausayinsa. Ni kaina ban taɓa lura da haka ba sai da ta rubuta, na koma aya ta 6 na ga haka ne, yana kuka ta ji tausayi. Wani kuma ya zaɓi uwar, ya ce tana dariya a ɓoye don za a biya ta kuɗi ta shayar da ɗan da ta haifa, wannan ma yana nan aya ta 9.

Maganar yare kuwa ki bar kowa ya rubuta da wanda ya fi masa sauƙi, ko ya gauraya, kuma kada ki ɗauko jan biro ranar, ba jarabawa ba ce. Ƙananan da basu iya rubutu ba ki haɗa kowane da babba ɗaya, ƙaramin ya faɗa babban ya rubuta, sai ƙaramin ya yi zane a ƙasa. Takarda kuma bayan tsohuwar kalanda ko ragowar littafin zangon da ya wuce.

DattijoDagaZonkwa ya amsa:

'Ya'yana ina gaisuwa. Na karanta duka kuma ban ƙi ba, amma akwai abin da ke damuna dole in faɗa. Yaro in ya ƙirƙiro abu da kansa ya fi riƙe shi fiye da abin da aka karanta masa, bayan shekara goma zai rantse maka akwai sauro da kada a cikin Fitowa sura 2. Mu da muka tashi da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda tun 1932 aka fitar da shi cikakke, an koya mana kada a ƙara kada a rage. Ko sunan yarinyar ma ba a faɗa a surar ba, Maryamu sai a Fitowa 15:20 aka kira sunanta, iyayen kuma Amram da Yokabed sai sura 6 aya 20. Ita 'yar Fir'auna babu sunanta sam a wurin.

To shawarata, in sun gama rubutun a sa kowa ya ja layi ƙarƙashin abin da ke cikin Littafin, wanda ya fito daga kansa ya bar shi haka, malama ta riƙa tambaya "wannan a wace aya ka gani?" Da haka za su koyi buɗe Littafin da kansu.

Wani abu kuma, yaranmu tare suke wasa da yaran maƙwabta Musulmi, su ma suna da labarin Annabi Musa a Alƙur'ani, a can matar Fir'auna ce ta roƙa kada a kashe yaron, a namu 'yarsa ce ta ɗauke shi. Jikana ya taɓa zuwa min da wannan gardama. Ki sani tun kafin a tambaye ki, ki ce haka nasu littafin ya faɗa, ga yadda namu ya faɗa, ba sai an yi faɗa ba.

ƊanBirged ya amsa:

Baba ya yi gaskiya. Anti ƙarin bayani kaɗan da muka ji a makarantar Baibul, kalmar Ibraniyanci da aka kira kwandon Musa da ita, teba, ita ce dai aka kira jirgin Nuhu da ita, kuma shi ma an shafe shi da ƙaro ciki da waje, Farawa 6:14. In kun riga kun yi Nuhu ki tambayi manyan wa kuma aka taɓa ceta cikin ruwa a abin da aka shafe, za su cafke. Sannan ki shirya, akwai wanda zai tambaya sauran jariran fa, don ƙarshen sura 1 Fir'auna ya ce a jefa duk ɗa namiji a Kogin Nilu. Ni da aka tambaye ni sai na hau kame-kame, da na sani da na fara da ungozomomin nan Shifra da Fu'a da suka ƙi bin umarnin sarki don tsoron Allah.

AntinYara ta dawo:

Na gode ƙwarai, Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Mun yi jiya. Minti 45 bai isa ba ko kusa, saƙa da baho kawai muka yi, rubutun sai Lahadi mai zuwa. Kwando uku cikin takwas suka yi iyo, rukunin da nasu ya nutse suka ce wai na ba su kabar da ba ta jiƙu ba, ɗaki kuwa duk laka har mai shara ya kai ƙarata wurin Mama Fasto. Tambayar sauran jariran ma an yi ta, wata 'yar shekara 7 ce, na ce mata abin baƙin ciki ne ƙwarai kuma mugunta ce Fir'auna ya yi, ta yi shiru tana juya totuwarta sannan ta ce ita dai gida za ta tafi da nata jaririn. Yanzu matsalar kwandunan ce, mutum biyar kwando ɗaya kowa na cewa nasa ne, na kulle su a kabad ɗin ofis tukuna. MamanTagwaye ke yaya kika raba naki?