Shin manhaja mai basira tana buƙatar ilimin manɗiƙi?

Malam Bashir: Ina nan a kan bakana, manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, ya gama yayinsa a harkar ƙirƙirarriyar basira. Tun 1984 Douglas Lenat ya fara aikin Cyc, aka shafe shekaru ana rubuta wa kwamfuta ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya. Ina aka kwana? Manhajar AlphaGo da ta doke Lee Sedol, gwanin wasan Go mai kama da dara, a 2016 daga wasanni ta koya, ba wanda ya zauna ya rubuta mata "in kaza ya faru, yi kaza".

Zainab: Allah gafarta Malam, cin wasa daban, riƙe amana daban. Manhajar da za a sakar wa tuƙin jirgi ko lissafin maganin majiyyaci, dole a iya tambayarta dalili, a kuma bi dalilin daki-daki. Wadda ta koya daga misalai kawai takan kawo amsa mai daɗin ji, alhali ba ta da tushe. Ku duba 2024: manhajojin AlphaProof da AlphaGeometry 2 sun warware 4 cikin tambayoyi 6 na gasar lissafi ta duniya. AlphaProof da Lean, wani tsarin kwamfuta mai tantance hujjojin lissafi, take rubuta hujjojinta, shi kuwa Lean ba ya barin ko layi ɗaya ya wuce sai ya tabbata bisa ƙa'ida. Wannan ai manɗiƙi ne tsantsa.

Injiniya Usman: Malama Zainab, lissafi fili ne mai shinge, duniya kuwa ba haka take ba. Ki gaya wa na'ura duk tsuntsu yana tashi, sai ga jimina. Ki gyara, sai ga mai karyayyen fiffike. Masana kwamfuta John McCarthy da Patrick Hayes sun hango irin wannan wahala tun 1969: in mutum-mutumi ya ɗauki kofi, ta yaya zai san launin bango bai canza ba, ba tare da an rubuta masa ba?

Malam Bashir: Yauwa Injiniya!

Injiniya Usman: Dakata Malam, ban bi bayanka ba. Ni cewa nake koyo ya riƙe gani da ji da hasashe, manɗiƙi ya tsaya a bakin ƙofa, yana hana abin da aka haramta wa na'urar.

Zainab: To wa zai rubuta haramcin, Injiniya? Shi ma fa yana da tasa jiminar.