Me ya sa ake darajanta zanen da aka buga da katako alhali kwafi ne?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. A makon jiya na sayi wani tsohon littafin tarihin zane a wurin masu baza littattafai kusa da babbar kasuwa, sai na ci karo da hoton karkanda wanda wani Bajamushe mai suna Albrecht Dürer ya zana a shekarar 1515, kuma an bayyana cewa a jikin katako aka sassaƙa shi kafin a buga a takarda. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda katako ɗaya yana iya fitar da ɗaruruwan kwafi, mene ne ya sa gidajen tarihi suke adana waɗannan takardu kamar zinariya? Ina bambancinsu da abin da mai fotokwafi yake yi mana a bakin titi?

Malamin Zane Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Amsar tana cikin yadda ake aikin. Ana samun allon katako mai santsi, a zana siffar a kansa, sannan a sa wuƙa a ƙwaƙule duk inda ake so ya fito fari, abin da aka bari a tsaye kuwa shi ne zai ɗauki tawada. Ke nan kowane baƙin layi da ka gani a jikin karkandar nan, ko da sirantarsa ba ta wuce ta gashi ba, ɗan siririn bango ne na katako wanda aka sassaƙe masa dama da hagu ba tare da ya karye ba. Ka koma ka dubi ɗige-ɗigen da ke ƙafafunta da wannan tunanin, za ka ga hoton ya sauya maka.

Shi Dürer bai taɓa ganin dabbar da idonsa ba. An kawo ta birnin Lisbon na ƙasar Portugal ne daga Indiya a shekarar 1515 ɗin, shi kuma yana Nuremberg a Jamus, sai bayani a wasiƙa da wani zanen gaggawa suka iso gare shi. Dalilin da ya sa ta fito kamar wadda aka sa wa sulke ke nan, har da wani ɗan ƙaho a doronta wanda karkanda ba ta da shi, amma duk da haka Turawa sun daɗe suna ɗaukar hoton a matsayin ainihin kamanninta.

Kwafin kuma ba ɗaya suke ba. Katako yana cinyewa, yana tsagewa, ƙwari suna huda shi, saboda haka bugun farko yakan fito tas, na baya kuma layukansa sun dakushe. Masana suna iya gane lokacin da aka yi bugu ta hanyar bin tsagar da ta bayyana a takardar.

Mai Hatimi:

Malam ya gama magana, amma bari in ƙara abin da hannu ya koya mini. Kafin kwamfuta ta karɓe mana aiki, na yi shekaru ina yanka hatimi da reza a kan roba a gefen titin Ahmadu Bello, kuma sana'ar tamu ƙanwar wannan ce, domin komai a juye ake yanka shi, hagu ta koma dama. Ina sabon koyo na taɓa yanka wa wani mai shago hatimi, na manta ban juya harafi ɗaya ba, sai da ya buga a rasit a gaban abokan cinikinsa muka ga ɓarnar, dole na sake yankawa da kuɗina. Idan takardar asali ta zo hannunka, ɗan'uwa, ka juya bayanta, sau da yawa za ka ga alamar inda aka danne ta. Hoton da ke littafinka ba shi da wannan, kuma idan ka sa gilashin ƙara girma za ka iya ganin ƙananan ɗigo na injin zamani.

Malama Daga Unguwar Rimi:

Ni ina da ja game da batun zinariya, domin yawancin waɗannan takardu kayan talakawa ne a zamaninsu, tsufa da ƙaranci ne suka ɗaga farashinsu daga baya. Hoton babbar igiyar ruwa na mai zane Hokusai, wanda aka buga a Japan wajen shekarar 1831, da kuɗi kaɗan ake sayensa a kasuwa a wancan lokaci, alhali aikin mutane da yawa ne: mai zane daban, masassaƙi daban, mai bugu daban, kuma launukan ma alluna daban-daban ake sassaƙa musu a itacen ceri, a bi su ɗaya bayan ɗaya a kan takarda guda ba tare da an kauce ba. Fasahar ma ba daga Turai ta faro ba. Littafin bugu mafi daɗewa da ke ɗauke da kwanan wata a ƙasar Sin aka yi shi a shekarar 868, yanzu yana ajiye a Landan. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a Masar ta zamanin Fatimiyyawa ana buga addu'o'in laya da irin wannan hanya, tun ƙarnoni kafin Gutenberg, Bajamushen da ya ƙirƙiro injin buga littattafai a Turai.

Malamin Zane Mai Ritaya:

Gaskiyarki, Malama, ban musa ba. Kuma ba sai mun je nesa ba, domin Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi fice a fasahar bugu a Nijeriya, a Zariya ya yi karatu, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yana kuma cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Yusuf Grillo. Shawarata ga mai tambaya ita ce ya gwada da hannunsa ko sau ɗaya ne.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba Mai Hatimi, da me ya kamata in fara, katako ko roba?

Mai Hatimi:

Ka fara da roba, katako zai wahalar da kai. Ka rubuta harafin farko na sunanka a juye, ka duba shi a madubi kafin ka taɓa reza, kuma ka riƙa tura ta gaba, nesa da yatsun da ka riƙe robar da su.