Yadda ake gina abu guda tilo tun lokacin da shiri ya tashi a Java

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai kilas da ke riƙe da haɗin rumbun bayanai, ana so ya zama guda ɗaya a duk shirin. A cikin `getInstance()` an rubuta cewa idan `instance` bai wanzu ba a yi `new`, in yana nan a dawo da shi. Da mutum ɗaya ke gwadawa lafiya ƙalau, amma da buƙatu suka yi yawa sai aka ga an gina shi sau biyu, haɗi 10 da aka ƙayyade suka koma 20. Ina gizo ke saƙar? Kuma gara a gina shi tun farko ko a bari sai an nema?

Mai_Lamba:
Wa alaikumus salam. Matsalar tana tsakanin layin dubawa da layin ginawa. Zaren aiki (thread, wato layin aikin da ke gudana a lokaci guda da wasu a cikin shiri) na farko ya duba ya ga `null`, wato babu komai, kafin ya gama gini na biyu ma ya duba ya ga `null`, kowa ya gina nasa. Na ƙarshe ya danne na farko, amma haɗin da na farkon ya buɗe suna nan, babu mai rufe su.

Mafi sauƙi, ka mai da maginin kilas ɗin (constructor, wanda `new` ke kira) `private`, sannan ka rubuta:

`private static final Rumbu GUDA = new Rumbu();`

JVM, wato manhajar da ke gudanar da shirin Java, da kanta take kulle wannan matakin, sau ɗaya kawai take yinsa komai yawan zaren. Sai dai ka sani ba da tashin shiri yake faruwa ba, sai ranar da aka fara taɓa kilas ɗin.

Tsohon_Hannu:
Malam ya faɗi daidai, amma ga abin da ke buɗe haɗi da waje ba na son `static`. Idan rumbun bai amsa ba a lokacin, za ka samu `ExceptionInInitializerError`, daga nan JVM ta ɗauki kilas ɗin a matsayin lalatacce. Duk wanda ya sake kiransa sai ya ci karo da `NoClassDefFoundError`, ko da rumbun ya dawo. Babu sake gwadawa sai an kashe shirin an kunna, kuma saƙon, da yake kamar cewa yake ba a sami kilas ɗin ba, kan sa mutum ya tafi neman fayil ɗin da bai ɓata ba.

Ka gina shi a cikin `main`. Karanta saituna tukuna, ka gina rumbun, ka gwada shi da `SELECT 1`, in ya amsa sannan ka buɗe ƙofar karɓar buƙatu. Sai ka miƙa shi ga duk kilas da ke buƙatarsa ta magininsa. In ya ƙi, shirin ya tsaya nan take da saƙo bayyananne. Wajen gwaji ma za ka iya sa na bogi a madadinsa, abin da ke da wuya da `getInstance()`. Kar ka manta da `addShutdownHook` don rufe haɗin idan shiri zai mutu.

Mai_Lamba:
Na yarda. Ƙari ɗaya: in dole sai an jinkirta gini, wasu kan duba sau biyu, ɗaya a waje ɗaya cikin `synchronized`. Wannan ba ya tsaya daidai sai an sa wa `instance` kalmar `volatile`, in ba haka ba wani zaren zai iya karɓar abin da ba a gama ginawa ba. Tun Java 5 na 2004 aka gyara ƙa'idar da ta sa hakan ke aiki.

Hajiya_Sabar:
Ku lura da iyakar wannan "guda ɗaya". A cikin JVM ɗaya ne kawai, kai har ma a cikinta, masu loda kilas (class loaders) guda biyu kowa zai samu nasa. Idan ka kunna kwafin shirin 4, kowanne da haɗi 10, rumbun zai ga 40. Rumbun bayanai na PostgreSQL yakan zo da `max_connections`, wato iyakar haɗin da zai karɓa, a kan 100, don haka kwafi 10 sun isa su cinye shi. Ka lissafa yawan kwafi kafin ka zaɓi girman haɗin kowanne.