Shawarwarin da aka ba mai rubuta wasa kan masana'antun Amurka na zamanin wariya

Wata 'yar'uwa tana rubuta wasan kwaikwayo kan baƙaƙen ma'aikata a kudancin Amurka, ta nemi shawara. Ga abin da na tsinta daga amsoshin da mutane suka ba ta.

Yawanci sun ce kada ta ɓata lokaci kan manaja mai ashar, kowa ya san irinsa. Wanda ya fi cin rai shi ne mai fara'a, mai dafa kafaɗar lebura yana cewa duk gida ɗaya ne, alhali famfon ruwan sha biyu ne, banɗaki ma kowa da nasa. Nan na fi yarda da su.

Wani ya kawo misalin kamfanin lantarki na Duke Power a Karolina ta Arewa. Baƙaƙe a sashen leburanci kaɗai ake ɗaukarsu, inda albashi mafi tsoka bai kai mafi ƙanƙanta na sauran sassan ba. Ranar 2 ga Yuli 1965, ranar da dokar hana wariya wurin aiki ta soma aiki, sai kamfanin ya ɓullo da jarrabawa ga sabon ma'aikaci mai son shiga kowane sashe ban da na leburanci. An dai canza wa tuwo suna. Sai a 1971 Kotun Ƙoli ta ce ba a yarda ba.

Mata suka ce kada a manta da masu zare jijiyar ganyen taba a birnin Winston-Salem, shi ma a Karolina ta Arewa, waɗanda suka tsayar da aiki a 1943.

Kan ko a furta kalmomin zagin da ake yi wa baƙaƙe a dandamali kuwa, an tashi baram-baram.